Komawar Yahudawa daga Babila: me ya sa aka yi sama da shekara 20 kafin a gama ginin Haikali?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan Isha'i a majalisin tafsirin unguwarmu malam ya iso aya ta 259 a Suratul Baƙara, labarin mutumin nan da ya bi ta wata alƙarya ya tarar ta zama kufai, ya ce ta yaya Allah zai raya wannan bayan mutuwarta, sai Allah ya matar da shi shekara ɗari sannan ya tashe shi. Malam ya ce abin da ya shahara wurin malaman tafsiri shi ne mutumin Uzairu ne, garin kuma Baitul Maƙdis ne bayan Bukhtanassar ya ragargaza shi. Daga nan ya wuce zuwa darasin ayar. Ni kuwa tun daren abin yake min yawo a kai. Garin da aka ƙone, aka kwashe mutanensa, wa ya dawo da su? Da izinin wa? Da wane kuɗi suka sake ginawa? Masu ilimin tarihi a taimaka.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Bari in kafa dirkoki, sauran 'yan uwa su yi yaɓe.

Bukhtanassar, wanda littattafan tarihi ke kira Nebukadnezzar na biyu, sau biyu ya ci Urushalima, wato Baitul Maƙdis. Na farko a 597 kafin Miladiyya. Ya tafi da sarki Yehoyakin da iyalinsa da fadawa da maƙera da masassaƙa, ya naɗa baffan sarkin, Zadakiya, ya riƙe masa garin. Zadakiya ya yi masa tawaye, rundunar Babila ta dawo ta yi wa garin ƙawanya har yunwa ta ci ƙarfinsu. A 586, wasu suna lissafa 587, aka fasa ganuwa, aka banka wa Haikalin da Annabi Sulaiman ya gina wuta, aka sake kora wani ayari zuwa Babila, wato kudancin Iraƙi na yau.

Ita ma Babila ba ta yi nisan kwana ba. A 539 Sairus sarkin Farisa ya karya rundunarta a Opis a gaɓar kogin Dijla, birnin Babila ya faɗa hannunsa kusan ba tare da yaƙi ba. Shekarar da ta biyo ya ba Yahudawa izinin komawa su gina ɗakin ibadarsu. Amma kada ka ɗauka daga izini sai gini. Ba a gama Haikalin ba sai wajen 515, zamanin sarki na uku, Dariyus.

Ɗan Wusasa:
Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, wannan labarin muna karanta shi a Littafin Ezra da na Nehemiya, da na annabawa biyu, Haggai da Zakariya. Ezra ya ce Sairus ya sa an fito da kayayyakin Haikali da Nebukadnezzar ya ajiye a ɗakin gumakansa, aka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya aka damƙa wa wani shugaban Yahuza mai suna Sheshbazzar. Jimillarsu tasoshin zinariya da azurfa 5,400. Sura ta biyu ta kawo lissafin waɗanda suka komo gida gida, jimilla 42,360, ban da barori 7,337 da mawaƙa 200. Har dabbobi an ƙirga: dawaki 736, alfadarai 245, raƙuma 435, jakuna 6,720. Ka ga jakuna sun fi yawa nesa ba kusa ba, ka san ayarin talakawa ne.

Abu Ammar:
Kafin a yi nisa ina so in ja hankali. Waɗannan labaran Isra'iliyyat ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, ya kuma ce kada mu gaskata Ahlul Kitabi kada mu ƙaryata su. Duka biyun suna cikin Bukhari. Don haka a karanta a matsayin tarihi, kada wani ya ɗauki adadin jakuna ya mayar da shi aƙida. Shi kansa ambaton Uzairu a ayar Baƙara maganar malaman tafsiri ce, Alƙur'ani bai faɗi sunan mutumin ko na garin ba. Akwai ma waɗanda suka ce Irmiya ne, ɗaya daga annabawan Bani Isra'ila.

Malamin Tarihi:
Malam Abu Ammar, wannan gyara ya yi daidai. Shi ya sa masu tarihi ba sa tsayawa a kan littafi ɗaya, sai sun duba ko ƙasa ta ba da shaida. Misali, a kangon fadar Babila an tono allunan yumɓu na ma'ajin sarki, rubuce da rabon mai da ake ba fursunonin fada, kuma a ciki akwai sunan Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar. Magatakardan Babila ne ya rubuta don lissafin aikinsa, ba shi da wata manufa ta addini.

Hajiya Ta Landan:
Na taɓa ganin abin da ake kira Gangar Sairus a gidan tarihi na Birtaniya. Na yi zaton wani ƙaton dutse zan tarar, ashe ɗan abu ne na gasasshen yumɓu, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, cikinsa a kumbure kamar ƙaramar ganga, gefe guda ya gutsure. Rubutun ƙanana ne kamar an daddanna da bakin tsinke. A Babila aka tono shi a 1879. Abin da ya ba ni mamaki, na tsaya na karanta fassarar da suka liƙa, babu Yahudawa a ciki ko sau ɗaya. Cewa ya yi ya mayar da gumakan garuruwan da ke ƙetaren Dijla wurarensu, ya tattara mutanensu ya mayar da su gidajensu. Kuma ya ce Marduk, gunkin Babila, shi ya zaɓe shi. To Malam, ashe ba don Yahudawa ya yi ba kenan?

Malamin Tarihi:
Hajiya kin gani da idonki, haka yake. Gangar ba ta ambace su ba, amma ta nuna irin salon mulkinsa, kuma izinin da Ezra ya kawo ya shiga cikin wannan salon. Assuriya da Babila sun yi mulki da tumɓuke al'umma daga ƙasarta. Farisawa suka ga ya fi sauƙi ka bar kowa da abin bautarsa, ya biya haraji, ya yi wa sarki addu'a. Ga kuma wata riba: ƙasar Yahuza tana kan hanyar Masar, kuma ɗan Sairus, Kambisis, ya ci Masar a 525. Samun mutanen da ke ganin ka yi musu alheri a kan wannan hanya ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Wusasa:
Malam, ban ƙi ta siyasa ba, amma kada a rage wa mutumin daraja. Littafin Ishaya sura 45 ya kira Sairus shafaffe na Ubangiji, laƙabin da ake ba sarakunan gidan Dawuda. Ba a ba wani sarkin waje wannan sunan ba. Mutanen da suka yi kusan shekara 50 a hannun wasu, rana ɗaya aka ce ku tafi gida ga kayanku, ba za su tsaya tambayar me ke zuciyar mai ba su ba.

Abu Ammar:
Akwai malamai na baya-bayan nan, irin su Abul Kalam Azad na Indiya, da suka tafi a kan cewa Sairus shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahf. Ra'ayi ne na ijtihadi, ba nassi ba. Ni maganar Marduk da Hajiya ta karanta tana hana ni natsuwa da shi.

Maman Sadik:
Ni tambayata daban ce. An ba ku izini a 538, an ba ku tasoshinku, kun zo da dubban mutane. Me ya sa har 520 gini bai tashi ba? Shekara 18 fa. Mutanen da aka ce sun zauna a bakin kogunan Babila suna kuka suna tuna garinsu, sun iso garin kuma sun bar ɗakin ibada a kango? Wannan bai shige ni ba.

Malamin Tarihi:
Maman Sadik, kin taɓo inda labarin yake da nauyi.

Da farko, ƙasar da suka tarar ba fanko ba ce. Babila ba ta kwashe kowa ba. Manya ta ɗauka, ta bar talakawa su riƙa noman gonaki da kula da kurangar inabi. Ta mayar da mazaunin mulki Mizfa, arewa da Urushalima, a yankin Biliyaminu da yaƙin bai cinye sosai ba. Waɗannan da aka bari sun yi shekara 50 suna noma gonakin da masu su suka tafi. Tun ana Babila, Annabi Ezekiyel ya kawo maganarsu, cewa waɗancan sun yi nisa, mu aka bar wa ƙasar nan gado. To sai ga jikokin masu gona sun sauka da takardar asali a hannu, suna cewa gonar kakanmu ce.

Na biyu, talauci. Haggai ya zayyana halin da ake ciki: kun shuka da yawa kun girbe kaɗan, kuna ci ba ku ƙoshi, mai ƙwadago yana zuba ladansa a ɓulalliyar jaka. Fari ya sauka a kan hatsi da inabi da zaitun.

Na uku, ba rana ɗaya suka komo ba. Adadin 42,360 da ɗan uwanmu ya kawo, masu bincike da yawa suna ganin jimillar ayari ayari ce ta tsawon shekaru. Masu tonon ƙasa sun gano Urushalima ta zamanin Farisa ɗan ƙaramin gari ce a kan tudu ɗaya, ba ta kai rabin girmanta na da ba. Har zamanin Nehemiya, kusan shekara 90 bayan izinin Sairus, sai da aka yi ƙuri'a aka ɗauko mutum ɗaya cikin goma daga ƙauyuka aka zaunar da shi a birnin saboda babu mutane.

Duk da haka sun fara. Zarubabel, jikan sarki Yehoyakin, da Yeshuwa babban firist, sun gina bagade suka soma miƙa hadaya tun babu bango, sannan suka aza harsashi.

Ɗan Wusasa:
Wurin aza harsashin nan, duk lokacin da na karanta sai jikina ya yi sanyi. Firistoci sun sa rigunansu suna busa ƙaho, Lawiyawa, wato masu hidimar Haikali, suna kaɗa kuge, matasa suna sowa. Tsofaffin da suka ga Haikalin farko da idonsu kuwa suka fashe da kuka da ƙarfi. Littafin ya ce ba a iya bambanta sowar murna da muryar kuka ba, kuma an ji ƙarar daga nesa. Wanda yake ɗan shekara 15 ranar da aka ƙone na farko, a wannan ranar ya haura 60. Ya san faɗin na da, yana ganin inda aka ja layin na yanzu.

Ɗan Gudun Hijira:
'Yan uwa ku yi haƙuri, ban saba magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni. Maman Sadik ta ce abin bai shige ta ba. Ni ya shige ni, don na gani.

Mun bar ƙauyenmu da daddare a 2014, muka yi shekara bakwai a Maiduguri. Kullum hirar mahaifina ita ce masallacin garinmu, idan mun koma shi za mu fara gyarawa. Da muka koma, ɗakinmu babu rufi, ƙyauren ma an cire, rijiya ta cika da ƙasa. Gonarmu wani maƙwabci da bai gudu ba yana nomawa. Ba mugu ba ne, ya ce da bai noma ba da ta zama daji, kuma 'ya'yansa da ita suka rayu. Gaskiyarsa, mu ma da tamu gaskiyar. Sai da dattawa suka zauna sau uku. Damina ta matso, kowa ya kama neman kwano da azara ya rufe kan iyalinsa. Masallaci ya yi shekara biyu muna salla a gindinsa a kan tabarma, bango ya tsage, sama a buɗe. Ranar da muka rufe rabinsa da kwanon da aka yi karo-karo aka saya, yara suna ta murna, mahaifina ya zauna a sahun gaba ya sa hannun riga ya rufe fuska. Bai ce komai ba har muka fito.

Don Allah kada a yi saurin cewa mutanen can sakaci suka yi.

Maman Sadik:
Allah sarki. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Na karɓa ɗan uwa, na janye.

Ɗan Wusasa:
Amin. Sai dai shi Haggai bai yi musu uzuri ba. A shekara ta biyu ta Dariyus, wato 520, ya tsaya gaban Zarubabel da Yeshuwa ya ce mutanen nan suna cewa lokacin gina ɗakin Ubangiji bai yi ba, to lokacin zamanku a gidaje masu rufin katako ya yi, wannan ɗaki yana kango? Ka ga akwai waɗanda sun wuce matakin rufe kan iyali, sun kai ga ƙawa. Ya yi maganar ranar ɗaya ga wata na shida, ranar 24 ga watan aka kama aiki. Kwana 23 kacal.

Malamin Tarihi:
Lokacin ma ya taimaka. Bayan mutuwar Kambisis a 522 daular Farisa ta rikice, tawaye ta ko'ina, Dariyus ya kwashe sama da shekara guda yana kashe wuta, shi da kansa ya sa aka sassaƙa labarin a jikin dutsen Behistun. Da ƙura ta lafa, gwamnan lardin Ƙetaren Kogi, Tattenai, ya zo ya ga ana jera manyan duwatsu ana sa katako a bango. Ya tambaya wa ya ba ku izini, ya karɓi sunayen shugabanni, ya rubuta wa sarki. Bai tsayar da aiki ba, ya jira amsa. Aka bincika ma'ajin takardu na Babila, a ƙarshe aka samo naɗaɗɗiyar takardar izinin Sairus a Ekbatana, wato Hamadan ta Iran a yau, inda sarakunan Farisa ke zaman bazara. Dariyus ya amsa cewa a ƙyale su, a biya kuɗin aikin daga harajin lardin, a riƙa ba su bijimai da raguna da alkama da gishiri da mai, su yi wa sarki da 'ya'yansa addu'a. Shi wannan Tattenai, an sami sunansa da muƙaminsa a wani allon Babila na 502.

Aka gama ranar uku ga watan Adar a shekara ta shida ta Dariyus. Daga ƙonewa zuwa gamawa kusan shekara 70, adadin da Irmiya ya ambata. A bikin buɗewa an yanka bijimai 100, raguna 200, 'yan raguna 400, bunsuru 12, ɗaya don kowace ƙabila. Akwatin Alkawari kuwa ba ya ciki, ɗaki mafi tsarki fanko ya zauna har ƙarshen wannan Haikali a hannun Rumawa a shekara ta 70 Miladiyya.

Baban Hafsa:
Malam, ka tsallake wani abu da na ji an ce. Wai maƙwabtansu sun zo sun ce a yi ginin tare, aka kore su?

Malamin Tarihi:
Haka Ezra sura ta huɗu ta kawo. Suka ce ku bar mu mu gina tare, Allahnku muke bauta wa tun zamanin Esarhaddon sarkin Assuriya da ya kawo mu nan. Zarubabel da shugabanni suka ce ba ruwanku da mu a wannan gini, mu kaɗai Sairus ya umarta. Daga nan gaba ta ƙullu, suka riƙa kai ƙara da ba mashawartan sarki toshiya. A ganina wannan amsa ta jawo musu asarar shekaru, ta kuma haifar da ɓarakar da ba ta ɗinke ba. Mutanen Samariya daga baya suka gina nasu wurin ibada a Dutsen Gerizim. Har yau suna nan kusa da Nablus da kuma Holon, ba su kai dubu ba.

Abu Ammar:
A nan ban bi ka ba Malam. Idan mutane sun yi imani shirka da cakuɗa addini ne suka jawo musu halaka, kuma Suratul Isra ta gaya mana ɓarnarsu ce ta sa aka aiko musu bayi masu tsananin ƙarfi suka kutsa cikin gidajensu, ka ga dole su yi taka-tsantsan da wanda zai sa hannu a ginin. Wanda ya sa tubali gobe zai ce yana da ta cewa a kan yadda za a yi ibada. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malamin Tarihi:
Na fahimci tsoronsu. Amma ka lura, labarin daga bakin ɓangare ɗaya muka same shi, kuma su suka sa wa ɗaya ɓangaren suna maƙiya. Sanballat gwamnan Samariya, babban abokin hamayyar Nehemiya, 'ya'yansa Delaya da Shelemiya ne, sunaye masu ɗauke da sunan Allahn Isra'ila. Mun san haka daga wasiƙar da Yahudawan tsibirin Elefantin na kudancin Masar suka rubuta a 407, suna neman taimakon gwamnan Yahuza da 'ya'yan Sanballat a lokaci guda don sake gina nasu ɗakin ibada da aka rushe. Su can ba su ga wani katanga tsakanin ɓangarorin biyu ba. Shi ya sa nake ganin rikicin akwai addini a ciki, akwai kuma gona da sarauta.

Mai Kishin Ƙudus:
Ni ban ga amfanin wannan hira ba. Ana kashe 'yan uwanmu a Falasɗinu, ku kuna nan kuna ba Yahudawa hujjar cewa ƙasarsu ce.

Shugaban Zaure:
Ɗan uwa, zafin da kake ji muna jin sa. Amma tambaya aka yi a kan ayar Alƙur'ani da tarihin da ke bayanta, na shekara 2,500 da suka wuce. Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin rushewar da mayar musu da rinjaye da ƙara musu dukiya da 'ya'ya. Sanin wannan bai halatta wa kowa jinin kowa ba a yau. Mai son maganar Falasɗinu ya buɗe mata nata zare, za mu zo. A nan a ci gaba, kuma ban yarda a zagi addinin kowa ba.

Hajiya Ta Landan:
Waɗanda ba su koma ba fa? Na ji kamar sun fi yawa.

Malamin Tarihi:
Da yawa sun zauna abinsu. Irmiya ya riga ya rubuta musu tun farko cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su. Suka kuwa yi. Akwai alluna wajen 200 daga wani ƙauye a Babila da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, daga 572 har zuwa 477: hayar gona, bashin sha'ir, harajin dabino, rabon gado. Ka ga shekara 60 bayan izinin Sairus jikoki suna nan suna noma. Tafiyar ma ba wasa ba ce, Ezra wata huɗu ya yi a hanya. Zuriyarsu ce ta rubuta Talmud na Babila, babban littafin shari'a da sharhin malamansu, kuma ba su bar Iraƙi da yawa ba sai a 1950 da 1951. Waɗanda suka koma ma sun tafi da Babila a bakinsu: harshen Aramiya, haruffan da ake rubuta Ibrananci da su yanzu, da sunayen watanni irin su Nisan da Tammuz da Elul, waɗanda Larabawan Sham da Iraƙi ma suke amfani da su har gobe.

Ɗan Wusasa:
Nehemiya ma ɗan waɗanda suka zauna ne. Mai shayar da sarki Artashate ne a fadar Shushan. A 445 ya ji ganuwar Urushalima har yanzu a rushe take, ya roƙi izini ya zo a matsayin gwamna. Ya fita da dare a kan dabbarsa yana duba ganuwar, har ya kai inda dabbar ba ta samu wurin wucewa ba saboda tarin ɓaraguzai. Ya raba aikin kamar gayya, maƙeran zinariya nan, masu turare nan, wasu kowa ya gyara daidai ƙofar gidansa, har da wani hakimi da 'ya'yansa mata. Hannu ɗaya aiki, ɗaya makami. A kwana 52 aka gama ganuwar.

Abin da na fi girmama shi da shi ba ganuwar ba ce. Ana cikin aiki talakawa suka kawo kuka: mun jinginar da gonakinmu don hatsi, mun ci bashi don harajin sarki, 'ya'yanmu mata sun zama bayi a gidajen 'yan uwanmu. Ya tara manya ya sa suka yi rantsuwa za su mayar da gonaki su daina karɓar ruwa. Shi kansa ya yi shekara 12 bai karɓi abincin da aka yanka wa gwamna ba, alhali mutum 150 ke ci a teburinsa.

Baban Hafsa:
To Ezra shi ne Uzairu?

Abu Ammar:
Haka mafi yawan malamai suka ɗauka. Sunan Uzairu sau ɗaya ya zo a Alƙur'ani, a Suratut Tauba aya ta 30. A kudancin Iraƙi a gaɓar Dijla akwai gari mai suna Al-Uzair, da kabarin da ake jingina masa, Musulmi da Yahudawa duk sun daɗe suna girmama wurin.

Malamin Tarihi:
Shi Ezra bai zo da ayarin farko ba, kuma Haikali ya riga shi tsayuwa. Ya zo a shekara ta bakwai ta Artashate, wadda aka fi lissafawa 458. Malamin Attaura ne. Ya hau mumbarin katako a dandalin Ƙofar Ruwa ya karanta tun safe har tsakar rana, maza da mata suna tsaye, Lawiyawa suna bi suna yi wa jama'a bayani, mutane suna kuka. Daga wannan zamani karatun littafi a bainar jama'a ya zama ginshiƙin addininsu, shi ya riƙe su bayan Rumawa sun rushe ginin.

Maman Sadik:
Na je na karanta ƙarshen Littafin Ezra yanzu, kuma raina bai yi daɗi ba. An tara maza a dandali ranar 20 ga wata na tara, ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, suna rawar ɗari, aka ce duk wanda ya auri mace daga mutanen ƙasar ya rabu da ita. Aka kafa masu bincike suka yi wata uku suna zaman bincike. Littafin ya jera sunayen maza sama da 100, ya rufe da cewa wasu daga cikin matan sun haihu. Ba sunan mace ko ɗaya. Mutanen da suka san zafin a raba ka da gidanka, su ne suka ce wa mace ta ɗauki ɗanta ta fita. Ina ta nufa da goyo a wannan sanyi?

Abu Ammar:
Yaya, su a ganinsu tsira da addini ne. Nehemiya ya ce ya tarar da yaran da rabinsu harshen Ashdod suke yi, ba su iya na iyayensu maza ba. Amma ban ce babu ciwo a ciki ba.

Ɗan Wusasa:
Maman Sadik, ba ke kaɗai ba ce. A cikin taron ma an sami masu ja. Aya ta 15 a sura ta goma ta ce Jonatan ɗan Asahel da Yazeya ɗan Tikwa sun ƙi wannan shawara, Meshullam da Shabbetai Balawe suka goya musu baya. Mutum huɗu, a gaban taron gari guda, cikin ruwa. Kuma a cikin littattafan nan dai akwai labarin Rut, mutuniyar Mowab, baƙuwa gwauruwa mai kalar sha'ir a gonar mutane, wadda ta auri Bo'aza ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda.